Manufofin Nazarin Adabin Ingilishi ga Ɗaliban Digirin Farko a Jami'o'inmu

Gabatarwa

Kowace shekara jami'o'in Nijeriya kan yaye ɗimbin ɗalibai waɗanda suka shafe shekara huɗu a sashen Ingilishi, a miƙa musu takardar shaidar cewa sun san adabin wannan harshe. Abin da wannan maƙala take so ta tattauna shi ne, me ya kamata irin wannan ɗalibi ya iya a ranar da zai bar jami'a, wanda bai iya ba a ranar da ya shigo ta? Tambayar ta ƙara nauyi tun daga 2022, sa'ad da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja wadda ta maye gurbin ta 2007. A cikin sabon tsarin hukumar ta shata kashi 70 cikin 100 na darussan, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 domin ta cike da abin da ya dace da ita, sa'an nan aka bukaci a rubuta wa kowane kwas manufofinsa a fili. Watau an daina wadatuwa da jerin sunayen littattafai. Sai malami ya faɗi abin da yake nufin littattafan su yi wa ɗalibinsa.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan mujallar harshe da al'adun Hausa da wannan batu? Ruwanta kuwa babba ne. Waɗannan ɗalibai su ne suke komawa makarantun sakandare su koyar da 'ya'yanmu, su ne a gidajen jaridu da na rediyo, kuma daga cikinsu ake samun mafassara. Bugu da ƙari, wani ɓangare na kayan aikin da muke nazarin adabin Hausa da su a yau, musamman a fagen zube da wasan kwaikwayo, daga wancan sashe muka aro shi.

Asalin fannin da manufofinsa na farko

Mutane da yawa suna zaton nazarin adabin Ingilishi daɗaɗɗen fanni ne a Ingila, alhali kuwa baƙo ne. Shekaru aru-aru abin da Oxford da Cambridge suka ɗauka ilmi shi ne Latin da Girkanci da lissafi da ilmin addinin Kirista. Adabin harshen gida kuwa abin karantawa ne lokacin hutu. Kwalejin Jami'a ta Landan ta naɗa farfesan harshe da adabin Ingilishi a 1828, amma Oxford ba ta buɗe digiri a fannin ba sai 1894, Cambridge kuwa sai 1917. Kafin manyan jami'o'in nan biyu su amince da shi, an riga an daɗe ana gwajinsa a Indiya. A 1835 Thomas Macaulay ya rubuta wa gwamnatin mulkin mallaka shahararriyar takardar shawararsa, inda ya nemi a daina kashe kuɗi a kan karatun Sanskirit da Larabci a koma ga Ingilishi. Har ya yi da'awar cewa 'yan littattafan Turai da za su cika kanta ɗaya sun fi dukkan adabin Indiya da na Larabawa daraja, ga shi kuwa da bakinsa ya ce bai san ko ɗaya daga cikin harsunan biyu ba. Manufarsa ba a ɓoye take ba: a samar da wani rukuni na 'yan ƙasa masu tunani da ɗabi'a irin na Turawan Ingila, su zama tafintoci tsakanin masu mulki da talakawa. Gauri Viswanathan ta bi diddigin wannan tarihi a littafinta Masks of Conquest na 1989.

A can gida Ingila manufar ta ɗauki wata kama. Matthew Arnold, wanda sufeton makarantu ne kuma mawaƙi, ya yi hasashen cewa waƙa za ta riƙa gyara zukatan mutane yayin da tasirin coci yake raguwa. Bayansa I. A. Richards ya yi wani gwaji a Cambridge: ya riƙa raba wa ɗalibai waƙoƙi ba sunan mawallafi ba shekara, ya ce su rubuta abin da suka fahimta. Sakamakon, wanda ya buga a 1929 cikin Practical Criticism, ya nuna cewa ɗalibai masu ƙwazo ma kan kasa gane ma'anar zahiri ta waƙa idan aka ɗauke musu sunan mai ita. Daga nan ne karatun ƙwaƙƙwafi, wato bin matani kalma bayan kalma, ya zama ginshiƙin fannin. F. R. Leavis ya haɗa wannan da manufar tarbiyya, har a 1948 ya fito da The Great Tradition, inda ya tsayar da Jane Austen da George Eliot da Henry James da Joseph Conrad a matsayin jigajigan ƙagaggen labari na Ingilishi.

A wannan shekara ta 1948 ɗin ce aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a ƙarƙashin Jami'ar Landan, kuma digirin Landan ta riƙa bayarwa har 1962. Chinua Achebe yana cikin ɗaliban farko. Likitanci ya shiga karantawa, daga baya ya koma Ingilishi da tarihi da ilmin addini. Daga cikin littattafan da ya karanta a can akwai Mister Johnson na Joyce Cary (1939), labarin wani akawu baƙar fata a wani gari na Arewacin Nijeriya, wanda Cary ya rubuta bayan ya yi aikin mulki a Borgu. Turawa sun yabi littafin ƙwarai, amma Achebe ya sha bayyana cewa yadda aka siffanta ɗan Afirka a cikinsa yana daga cikin abin da ya tunzura shi ya ɗauki alƙalami. Things Fall Apart ya fito a 1958. Abin lura a nan shi ne, manhajar ta haifar da abin da masu tsara ta ba su nufa ba: ta koya wa ɗalibi karatu mai zurfi, sai ya juya ya karanta ita kanta manhajar.

Daga nan gardama ta ɓarke. An yi taron marubutan Afirka masu rubutu da Ingilishi a Makerere a 1962, Obi Wali ya mai da martani a 1963 cewa adabin Afirka na haƙiƙa sai da harsunan Afirka. A watan Oktoba na 1968 Ngugi wa Thiong'o da Henry Owuor-Anyumba da Taban lo Liyong suka rubuta takarda a Kwalejin Jami'a ta Nairobi suna neman a rushe sashen Ingilishi, a kafa na adabi da harsunan Afirka a madadinsa, a kuma sanya adabin baka a tsakiya. A nan Nijeriya Chinweizu da abokansa biyu suka sake tayar da ƙura a 1980. Ba a rushe sassan ba a jami'o'inmu, amma an faɗaɗa su: abin da a da ake nufi da adabin mutanen Ingila ya koma duk adabin da aka rubuta cikin Ingilishi, ko na Afirka ne ko na Karebiyan ko na Amurka ko na Indiya. Saboda haka ɗalibin yau ya gaji manufofi uku da ba su cika jituwa ba, ta Macaulay da ta Leavis da ta Ngugi, kuma sau da yawa ba wanda ya zauna ya warware masa su.

Iya karatu

A ganinmu manufa ta farko, wadda sauran duka suke rataye a jikinta, ita ce ɗalibi ya iya ɗaukar matanin da bai taɓa gani ba, babu malami babu littafin sharhi, ya faɗi abin da matanin yake cewa da kuma dabarun da aka bi aka faɗe shi. Wannan ya fi yadda ake zato wuya, kuma wuyar tasa ga Bahaushe tana da fuskoki na musamman waɗanda littattafan da aka rubuta a Landan ba su san da su ba.

Mu ɗauki karin waƙa. Rubutacciyar waƙar Hausa ta dogara ne a kan nauyin gaɓa, watau yadda gaɓa mai nauyi da marar nauyi suke jeruwa, shi ya sa ta iya karɓar karuruwan aruli irin su Kamil da Wafir da Mutaƙarab, kamar yadda Farfesa M. K. M. Galadanci ya nuna a 1975. Karin Ingilishi kuwa a kan ƙarfin furuci yake tafiya, gaɓar da aka danna da wadda aka sassauta. Fitaccen karinsu, wanda Shakespeare da Milton da Wordsworth suka yi aiki da shi, ɗango ne mai gaɓa goma da ƙafa biyar, kowace ƙafa sassauƙar gaɓa ce sa'an nan dannanna. Ɗalibin da ya saba furta Ingilishi yana ba kowace gaɓa ƙarfi ɗaya ba zai taɓa jin wannan kari ba, ko da ya haddace sunansa ya ci jarrabawa. Dole sai an karanta masa da murya, shi ma ya karanta an ji. Idan da mu ne masu rubuta manufar, da mun ce: ɗalibi ya iya karanta ɗango goma a bayyane, ya nuna inda mawaƙi ya karya kari da gangan, ya faɗi amfanin karyawar. Haka kuma wanda ya tashi da sanin cewa amsa-amo shi ne alamar waƙa, yana bukatar a nuna masa yadda Milton ya tsara Paradise Lost (1667) dubban ɗangwaye babu amsa-amo, da yadda waƙar nan tasu mai ɗango 14 take juya tunani a tsakiyarta ko a ɗango biyu na ƙarshe. Wanda ya san ƙwar biyu da tarbi'i da tahamisi ba zai sha wahalar gane cewa zubi yana da aikinsa a cikin ma'ana ba, in dai malami ya yarda ya fara daga abin da ɗalibin ya sani.

Fuska ta biyu ita ce gatse. A 1729 Jonathan Swift ya rubuta A Modest Proposal, inda wani mai magana cikin natsuwa da lissafi yake ba da shawarar matalautan Ailan su riƙa sayar da jariransu masu kuɗi su ci. Duk wanda ya ɗauki zancen a zahirinsa ya ɓata, domin Swift zambo yake yi wa masu mallakar filaye da masu tsara siyasa waɗanda suka mai da talaka lissafin riba. Bahaushe ba baƙon gatse da habaici da zambo ba ne, yana jin su tun daga bakin kishiyoyi har zuwa bakin makaɗan fada. Sai dai gane gatse a harshen da ba naka ba yana bukatar ka san inda magana ta yi laushi fiye da ƙima ko ta yi tsauri fiye da ƙima, kuma wannan sani ba ya samuwa sai da yawan karatu.

Daga gatse sai a gangara ga bambanci tsakanin mawallafi da mai ba da labari. A cikin Heart of Darkness na Conrad, wanda ya fara fitowa a mujalla a 1899, Marlow ne yake ba da labarin tafiyarsa a kogin Kwango, shi ma wani ne marar suna yake kawo mana maganarsa. Sa'ad da Achebe ya yi laccarsa a Jami'ar Massachusetts a 1975 yana zargin Conrad da wariyar launin fata, masu kare Conrad da wannan hujja suka fake, cewa kallon Marlow ne, ba na mai littafin ba. Achebe ya amsa cewa Conrad bai samar da wata mahanga a cikin littafin da za a auna Marlow da ita ba. Ba mu bukatar ɗalibi ya bi Achebe ko ya bi masu sukarsa. Abin da muke bukata shi ne ya iya buɗe littafin, ya kawo shafukan da suke goyon bayan kowane ɓangare, sa'an nan ya yanke nasa hukuncin.

Duk wannan ba ya yiwuwa ga wanda bai karanta littafin ba. Sanin kowa ne cewa ana iya gama digiri a yau da taƙaitattun bayanai na kasuwa da takardun da malami ya raba, ba tare da an kai ƙarshen ƙagaggen labari ko biyar ba. Laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Kwas ɗin da ya jera littattafai goma sha biyu a zango ɗaya, cikinsu har da irin su Middlemarch mai shafi wajen 800, shi da kansa ya koya wa ɗalibi cewa ba a sa ran ya karanta. Littafi huɗu da aka bi daga bango zuwa bango sun fi.

Sanin zamani da tushe

Manufa ta biyu ita ce ɗalibi ya iya ajiye matani a zamaninsa. Wanda bai san an yanke wa Sarki Charles na ɗaya hukuncin kisa a 1649 ba, da cewa Milton ya yi wa gwamnatin da ta biyo baya aiki, da cewa sarauta ta dawo a 1660 ta same shi makaho, ba zai fahimci abin da ya sa tawaye da biyayya suka cika Paradise Lost ba. Haka Hard Times na Dickens (1854) ba ya karantuwa sai da labarin masana'antu da halin leburorinsu.

Akwai wani tushe kuma da ake yawan tsallakewa saboda kunya ko tsoron fitina. Adabin Ingilishi cike yake da ishara ga Littafin Baibul, musamman fassarar 1611, da tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. Ɗaliban Badun na farko galibinsu 'yan makarantun mishan ne, da wannan sani suka shigo. Ɗalibi Musulmi daga Katsina ko Sakkwato ba haka yake ba, ko da yake ya san ƙissoshin Annabi Adamu da Nuhu da Yusufu da Ayuba ta hanyar Alƙur'ani, wanda riwayarsa ta sha bamban da waccan a wurare da dama. Kamata ya yi a koyar da wannan a fili a matsayin mabuɗin matani, kamar yadda ba mai hankalin da zai ce Bature ya feɗe waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 ba tare da ya san ayoyi da hadisan da suke ishara gare su ba. Masu cewa a watsar da tsohon adabin Ingila gaba ɗaya su tuna cewa sunan Things Fall Apart kansa daga wata waƙa ta W. B. Yeats aka ciro shi, kuma Wole Soyinka ya sake ƙera wasan Euripides da na Brecht. Marubutanmu sun yi gardama ne da littattafan da suka karanta, wanda bai san littattafan ba rabin gardamar kawai zai ji.

Game da mazhabobin tarke ba za mu tsawaita ba. Ya kamata ɗalibi ya san ra'in Markisanci da na mata da na bayan mulkin mallaka, ya san abin da Edward Said ya kawo a Orientalism (1978). Amma abin da ake yawan gani a kundayen digiri shi ne a rataya sunan ra'i a babi na biyu, a manta da shi har ƙarshen aiki. Alamar cewa ɗalibi ya fahimci ra'i ita ce ya iya nuna abin da ra'in ya gano masa a cikin matani, da kuma abin da ya kasa gani.

Rubutu da jarrabawa

Manufa ta uku ita ce ɗalibi ya iya kafa hujja a rubuce: ya faɗi matsayinsa, ya kawo shaida daga matani, ya ambaci wanda ya saɓa masa ya ba shi amsa, ya kuma bambanta maganarsa da ta wanda ya aro. Ƙalilan ne daga cikin ɗaliban nan za su zama malaman jami'a, amma duk wanda zai rubuta rahoto a ofis ko labari a jarida ko hujja a kotu wannan ƙwarewar yake bukata. Tun ƙarshen 2022, da na'urorin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka bazu, maƙalar da aka ba ɗalibi ya rubuto daga gida ta daina zama tabbatacciyar shaida a kan iliminsa. Gwajin Richards na baƙon matani a cikin aji, da zama a tambayi ɗalibi baki da baki a kan abin da ya rubuta, sun dawo da darajarsu, sai dai suna bukatar aji marar cunkoso.

A nan akwai wani haɗari da ya kamata masu rubuta manufofi su kiyaye. Tsarin da ake bi ya samo asali ne daga rabe-raben Benjamin Bloom na 1956, wanda yake son kowace manufa ta zo da aikatau da za a iya aunawa: ya lissafa, ya bayyana, ya kwatanta. Wannan yana da amfani, domin yana hana malami fakewa da manyan kalmomi. Amma abin da ya fi sauƙin aunawa shi ne haddar sunaye da shekaru, kuma idan aka yi sake sai jarrabawa ta koma nan gaba ɗaya. Ɗalibin da zai iya lissafa siffofi biyar na waƙar Romantik, bai kuwa taɓa jin wata waƙa ta ratsa shi ba, ya cika sharaɗin takarda ne kurum.

Ɗalibi mai harshe biyu

Manufar da muke ganin kashi 30 ɗin nan ya kamata ya ɗauka a jami'o'in ƙasar Hausa ita ce kwatance da fassara. Ɗalibinmu yana shigowa da abin da takwaransa na Leeds ba shi da shi, watau harshe na biyu mai adabinsa na baka da rubutacce, wani lokaci ma da Larabci na uku. Tsarin da ya raba sashen Ingilishi da na harsunan Nijeriya ya sa yakan ajiye wannan dukiya a bakin ƙofa. Ga kuwa kayan aiki a shirye. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night zuwa Daren Sha Biyu a 1971, Bala Abdullahi Funtuwa ya fito da Gandun Dabbobi daga Animal Farm na Orwell a 1975. Ta ɗaya ɓangaren Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar a 1967, Aliyu Kamal kuma ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, aka buga a Indiya a 2012. A ba ɗalibi fitowa ɗaya daga wasan Shakespeare tare da Hausarta, a ce ya nuna yadda aka yi da wasan kalmomin wawan fada, wanda Hausawa ma suna da irinsa. Ko a tambaye shi abin da ya sauya sa'ad da aka kawo labarin da aladu suke shugabanci ga masu karatu Musulmi, waɗanda tun kafin su buɗe littafin sun riga sun yanke wa alade hukunci. Wanda ya iya amsa irin waɗannan tambayoyi ya nuna sanin Ingilishi fiye da mai haddar sharhi, domin fassara ba ta barin mutum ya tsallake kalmar da bai gane ba.

Haka nan ya kamata a karanta marubutan Arewa masu rubutu da Ingilishi, irin su Zaynab Alkali da The Stillborn (1984) da Abubakar Gimba da Abubakar Adam Ibrahim mai Season of Crimson Blossoms (2015), kafaɗa da kafaɗa da ƙagaggun labaran Hausa na zamaninsu, a ga abin da kowane harshe yake bari a faɗa game da aure da gida da siyasa. Cikas ɗin da zai fara tare mai wannan niyya shi ne samun littattafan. Ayyukan Shakespeare da Austen da Dickens sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ɗalibi yana iya sauke su kyauta a wayarsa daga rumbuna irin su Project Gutenberg. Daren Sha Biyu kuwa, da yawancin littattafan da aka buga a Zariya a waɗancan shekaru, sai an yi cigiya a tsofaffin ɗakunan karatu ko a hannun malaman da suka adana nasu. Sashen da ya rubuta kwatance a cikin manufofinsa dole ya haɗa da neman izinin sake bugu daga masu haƙƙin waɗannan littattafai, ko ya tanadi kwafi isassu a ɗakin karatunsa kafin zango ya fara.